Babi na Biyar: Bin Challawa a Kan Sirdi

A teburin wani mai shayi kusa da tashar Karaye na fara yin tambayar. Tsakiyar hunturu ne, hazo ya sauko har ƙasa, kowa ya cusa hannuwa a hammata yana jiran ruwa ya tafasa. Na jingina keke da bango, na yi sallama, aka matsa mini a benci. Sai da shayi ya ratsa ni sannan na juya wajen dattijon da ke gefena.

"Baba, don Allah wace hanya ce ke bin bakin kogi daga nan har ƙasar Rogo?"

Ya dubi keken, ya dubi jakunkuna biyun da na ɗaure a kariya, ya dawo da ido kaina. "Rogo za ka? Ai ga titi nan, ko makaho ba ya ɓata."

Na ce ba titin nake so ba, kogin nake son bi.

"Malam, ai kogi ba a bin sa. Ƙetare shi ake yi."

Benci ya ɗauki dariya, har da mai shayin. Ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini, domin dattijon ba raha kawai ya yi ba. Haka hanyoyin ƙasar nan suke tun kafin a haifi kakansa.

Abin da ya sa ni wannan tambaya wata al'ada ce ta mutanen Turai. In sanyi ya sake su, sai mutum ya ɗauki hutun mako guda ko biyu, ya ɗaura 'yan kayansa a keke, ya kama bakin kogi yana bi, ya kwana inda dare ya yi masa. Wadda ta fi suna ita ce hanyar kogin Danub, musamman tsakanin garin Passau na Jamus da Biyana, babban birnin Ostiriya, tafiyar kilomita 320 ko sama da haka kaɗan. Tsofaffi na yin ta, masu ƙananan yara ma na yi, su sa yaran a ɗan amalanke a bayan keke. Akwai ta kogin Rayin, wadda ta taso daga duwatsun Suwizalan ta dire a bakin teku a Holan, sama da kilomita 1,200. Dabarar ba boyayya ba ce. Ruwa ba ya hawa tudu, saboda haka wanda ya bi shi inda ya nufa gangara yake yi, ko da idonsa bai nuna masa ba.

Sai dai ba don masu keke aka fara share waɗannan hanyoyi ba. Kafin jirgi mai inji, dawakai ne ke jan jiragen kaya in za su yi sama da kogi: doki na tafe a gaɓa, igiya na ɗaure da jirgi a cikin ruwa. Turbar da kofato ya daɓe shekaru aru-aru, da tudun ƙasar da aka gina don tare ambaliya, su aka zo daga baya aka shimfiɗa wa kwalta, aka kakkafa alluna. Can kogi titi ne tun asali, keke gado ya ci.

Challawa kuwa bai taɓa zama titi ba. Kafin a datse shi kogin damina ne. Ya cika ya batse a watan Agusta, ya tafi da abin da ya tarar, kafin bazara ya koma shimfiɗar yashi da mata ke tonawa su kwarfi ruwa. Ba jirgin kaya da zai ci abinci a irin wannan. Fatake da jakunansu tudu suke bi daga kasuwa zuwa kasuwa, garuruwa ma a tudu aka kafa su, nesa da ambaliya da sauro, inda za a hango mahara tun daga nesa. Karaye kanta garin bakin daga ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Wambai Giwa, wanda ya zauna a nan a ƙarni na 17 yana kai wa Katsinawa hari. Mai irin wannan zama abu biyu yake so ya sani game da kogi: ina mashigi yake, kuma yaushe doki zai iya ratsa shi. Shi ya sa duk turbar da ka kama a ƙasar Karaye da Rogo, in ta nufi ruwa to gaba-gaɗi take nufarsa, ta tsaya a bakinsa ko ta ɓulla a ɗaya gaɓar.

Na biya kuɗin shayi na kama hanyar madatsa, wajen ƙauyen da ake kira Turawa.

Gwamnatin Jihar Kano ce ta faro aikin ta hannun hukumarta ta WRECA, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa, kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke riƙe da shi. Tsayin bangon mita 42 ne, tsawonsa kilomita 7.8, in ya cika yana riƙe ruwa miliyan 904 na ma'aunin mita mai fuska shida, wato akwatin da kowane gefensa mita guda ne. Mita 42 a takarda ba ta da kwarjini. Sai ka sauka kana tura keke mai kaya zuwa sama, numfashi na fita da ƙyar, sannan lissafin ya shiga jikinka. Na gaida masu gadi, na nemi izini, na hau na tsaya.

A duk kwarin nan babu wani abu miƙaƙƙe, shafaffe, mai tafiya kafaɗa da kafaɗa da ruwa kamar saman wannan bango. Shi kaɗai ne ya yi kama da hotunan Danub da na gani. Sai dariya ta kama ni ni kaɗai, don shi ma ɗin ba bin kogin ya yi ba, gicciye shi ya yi.

Daga nan sama matafiyi ke zaɓe. Ta gefe guda ga kogin da aka sako yana gangarawa gabas, kuma tun da aka yi madatsar ba ya ƙafewa ƙaf da rani kamar da. Wanda ya bi shi zai kai kusa da Panshekara, inda tun farkon shekarun 1930 aka kafa injinan da ke tura wa birnin Kano ruwan famfo, zai ga masu tifa suna ɗibar yashi, zai ji warin ruwan majemu da ke kwarara daga unguwar masana'antu, ya kai inda Challawa ya haɗu da kogin Kano, wanda shi kuma aka datse a Tiga tun 1974. Daga nan su zama kogi ɗaya, ya ratsa Wudil da Ringim ya kai Haɗeja, ya bazu a fadamun Nguru, abin da ya saura ya bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Can ƙasa ne ake biyan bashin wannan bango. Ambaliyar da manoman shinkafa da masunta suka saba jira ta ragu, ruwan da ba ya yankewa kuma ya ba ciyawar kacala wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama makwancin tsuntsun jan baki. Doguwar tafiya ce ta makonni, kuma ƙarshenta ya faɗa yankin da ba a shiga da wasa a zamanin nan.

Akwai kuma abin da shawarar Turawa ba ta sani ba. Su suna cewa ka bi ruwa inda ya nufa. A nan ruwa gabas da arewa maso gabas ya nufa, iskar hunturu kuwa daga can take tahowa. Lokacin da ya fi dacewa da keke, daga bayan kaka zuwa watan Fabrairu, lokacin da taɓo ya bushe kuma rana ba ta fara cizo ba, shi ne daidai lokacin da iskar ke kaɗawa. Gangarar kogin ba ta taka kara ta karya ba, ƙafarka ba za ta ma san da ita ba, amma iska a goshi wuni guda za ta sa ka tsani keken da wanda ya ƙera shi. Na tsaya na ji inda take bugun kunnena, na ba ta baya, na juya wajen tafkin da ƙasar Rogo.

A taswira bakin tafkin kamar abin da za ka zagaye da hantsi ne. A ƙasa ba haka ba. Kowace ƙorama da ke zuba a kogin da can, yanzu ta zama hannun ruwa da ya miƙe cikin gonaki, ga ƙauyen da kake nufi kana hangen rumbunansa da rimin da ke bayan masallacinsa, amma sai ka yi zagayen awa guda kafin ka taka shi. Sau uku a ranar farko na kama turba mai kyau, daɓaɓɓiya, wadda ka san ƙafafu sun daɗe suna bi, ta gangara da ni a hankali ta shige cikin ruwa. Tsoffin hanyoyi ne na kafin 1992. Gonakin da suke zuwa da gidajen da suke haɗawa suna ƙarƙashin tafki, mutanen an tashe su sun koma tudu. Mai mota ba zai taɓa ganin wannan ba, don titi ya san inda ya kauce. Keke ne ke kai ka har bakin inda hanya ta nutse, ka tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa kana kallon kututturen itatuwa sun leƙo daga ruwa, belbela a kan kowanne.

Inda ruwa ya ja da baya kuwa ba a bar ko taki ɗaya ba. Tumatir, albasa, tattasai, masarar rani, ga injinan ban ruwa suna ta tari, ga tiyo a gicciye a kan turba duk bayan 'yan taku. Ba a taka wa manomi tiyo. Ka sauka ka ɗaga keke ka tsallake, ka yi masa sannu da aiki, shi kuma ya ɗago ya ce maka a sauka lafiya. Na daina ƙirga sau nawa na yi haka.

Ƙasar ma kala-kala ce, kuma cinya ce ke fara gane ta kafin ido. Burji ya fi daɗi in ba gargada. Jigawa ba ta da magani sai turi, taya ta nutse, kan keke ya riƙa kaɗawa kamar na mashayi. Mafi muni ita ce baƙar lakar fadama da shanu suka tattaka tun tana ɗanya, ta bushe da sawun kofato a jikinta. Wannan in ka hau ta da gudu haƙoranka sai sun gaisa da juna.

Tun a ranar na koyi yadda ake tambaya. Ba a cewa ina hanyar bakin kogi, don ba wanda ya san ta da wannan suna. Ƙauye na gaba ake tambaya, in an isa a tambayi na gabansa. Kuma ba kowa ake tambaya ba. Mai babur zai ce maka yanzun nan za ka isa, don da man fetur yake auna nisa. Yaro mai kiwo zai nuna maka inda shanu ke bi, ta cikin ƙaya da kwazazzabo. 'Yar Fulani mai tallan nono ta san gajeriyar hanya, amma hanyar ƙafa ce, da tsallake-tsallake. Wanda za ka nema shi ne mai keke irinka, musamman mai ɗauke da buhu ko jarkoki. Shi ne zai ce maka, "Kar ka bi ta gindin ɗorawar nan, yashi ne har gwiwa, zagaya ta bayan makaranta." An ce matambayi ba ya ɓata. Yana ɓata mana, in bai san wa zai tambaya ba.

Da la'asar tsidau ya yi mini sallama. Wanda ya taɓa taka shi ba takalmi ya san shi: 'yar ciyawa mai shimfiɗa a ƙasa, 'ya'yanta masu ƙahoni, duk yadda suka faɗi akwai tsini ɗaya da ke kallon sama. Taya biyu suka sace a tare. Ina da kayan faci a jaka, amma huji ya fi ƙarfin abin da na tanada, sai na tura keken har wani ƙauye inda aka nuna mini mai faci a gindin tsamiya.

Kayan aikinsa ba su cika akwatin katako ɗaya ba: famfo, sifanu uku, almakashi, gwangwanin sholisho, guntayen tsohon tif da ya yayyanka, da kwanon ruwan da ya koma kalar ƙasa. Ya kifa keken a kan sirdi da ƙahonsa, ya zare tif, ya ba shi iska, ya riƙa ratsa shi cikin kwanon a hankali yana kallon inda kumfa za ta taso. Duk inda ta taso sai ya soka tsinken ashana. Da ya gama zagayawa tif ɗin ya zama kamar bushiya. Ya kankare kowane wuri, ya shafa sholisho da ɗan yatsa, ya ajiye ya sha iska, don ba a manna faci a kan ɗanyen gam. Yana jira yana bin cikin tayar da yatsu yana zaro ƙayoyin da suka karye a ciki, abin da mai gaggawa ke mantawa ya dawo bayan minti goma.

"Alhaji, keken nan naka na 'yan gayu ne," ya ce, yana juya giyar baya da yatsa. "In wannan abin ya karye, daga nan har Gwarzo ba mai shi. Sai Kano."

Gaskiyarsa. Keken da ƙauyukan nan suka sani shi ne baƙin nan mai taya inci 28 da burkin sanda, irin su Raleigh da Hercules na da, da Phoenix na Sin da ya biyo bayansu. Kamfanin Raleigh har masana'anta ya taɓa yi a Kano. Wannan keke nauyi gare shi kamar jaki, giyarsa ɗaya, amma ba abin da zai lalace a jikinsa da ba za a samu a kasuwar ƙauye ba, in ba a samu ba maƙeri ya ƙera. Ni a ganina duk mai son doguwar tafiya a ƙasar nan, kafin ya duba sauƙin keke ya fara duba ko mai facin gindin tsamiya zai gane shi. Ko bawul ɗin tif abin dubawa ne, don akwai siririn nan na kekunan tsere da bakin famfonsa ba ya kamawa. Kafin ya mayar da tayoyin sai ya yanko tsohuwar taya ya shimfiɗa a cikin kowacce ta zama sulke. Keken ya ƙara nauyi. Tsidau bai sake samuna ba har na gama tafiyar.

Ka'idar kwana ɗaya ce: kar magariba ta same ka a daji, kuma kar ka kafa tanti a bayan gari kamar yadda matafiyan Turai ke yi. Ƙasar Rogo ta yi iyaka da Katsina da Kaduna, kuma shekarun nan na 'yan bindiga sun koya wa mutane tsoron baƙon da ba a san da zuwansa ba. Mutum da jakunkuna yana zagaya ƙauyuka yana ɗaukar hoto, in bai kai kansa ba za a zo a kai shi. Na yi sallar magariba a masallaci, na nemi a raka ni wajen mai gari.

"Ranka ya daɗe, baƙo ne, dare ya yi mini."

"Daga ina? Ina aka nufa? Wa ka sani a can?"

Ya karɓi katina na ɗan ƙasa ya miƙa wa wani saurayi ya haska da fitilar waya ya karanta masa. Ya buga waya ya yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan fuskarsa ta saki, ya ce a shigar da keken zaure, a kawo tabarma. Ban ji haushin tambayoyin ba. Wannan tsani na mai unguwa da dagaci da hakimi har zuwa sarki, shi ne allunan hanya da masaukin wannan kwari. Sama tana ta sauyawa: a 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ba Karaye sarki mai daraja ta ɗaya, a 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, sannan ta sake kafa masarautar a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Amma a ƙasa, baƙon da dare ya yi wa har yau zauren mai gari ake kai shi, kuma da safe za a gaya masa sunan wanda zai nema a gari na gaba.

Aka kawo tuwon masara da miyar kuka. Bayan isha zauren ya cika, don labarin mai keke ya zaga gari. Tambayar da ta fi yawa ita ce me nake sayarwa. Da na ce ba komai, sai aka ce to wa ya aiko ni. Da na ce ba kowa, sai aka yi shiru irin na tausayi. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, ya je Gwanja ya je Makka da ƙafa, amma kowace tafiya tasa da sunanta: fatauci, cin rani, neman karatu, aikin hajji, zumunci. Tafiyar da ba ta da ko ɗaya daga ciki, sunanta yawo, kuma ba yabo ba ne.

Wani tsoho da ke jingine da bango, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya tambayi kilomita nawa nake yi a wuni. Na faɗa da 'yar taƙama. Ya gyaɗa kai.

"Yaro, da ƙuruciyata in na yi asuba a nan da kaya a bayan keke, a Kano nake la'asar. Washegari in juyo da gishiri da kananzir."

Daga madatsar zuwa birni wajen kilomita 90 ne, kuma shi ba giya ya yi da ita ba, ba kwalta mai laushi ba. Na haɗiye sauran taƙamar da tuwo. Masu doguwar tafiya a keke ba baƙi ba ne a ƙasar nan, sunan ne kawai ba a ba su ba. Na ba su labarin Aliyu Abdullahi Bala, wanda ya bar Jos a kan keke a 2021 ya isa Makka a ƙarshen 2022, da Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini, wanda a 2023 ya taka kusan kilomita 4,000 yana neman Jami'ar Azhar, har ya kai Chadi inda masu taimako suka saya masa tikitin jirgi zuwa Alƙahira, jami'ar kuma ta ɗauki nauyin karatunsa. Nan take zauren ya gane. Ɗaya ɗakin Allah ya nufa, ɗaya ilimi, aka yi ta sa musu albarka. Da na kawo Olabisi Ajala, wanda a 1952 ya taka keke daga Shikago zuwa Los Anjalis a Amurka, sai wani ya ce, "Shi kuma me ya je yi?" Na ga alama ni da Ajala layinmu ɗaya.

Abin da ke ba ni takaici a nan shi ne, 'yan kilomitoci kaɗan daga wannan ruwa, a Kusalla, akwai sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano. Matasa daga kowane lungu na Najeriya suna zuwa su yi mako uku a ƙasar Karaye, yawancinsu su tafi ba abin da suka sani sai fareti da ƙura. Ban ce a zuba kwalta a bakin tafki ba, don ruwan da ke hawa da sauka kowace shekara zai cinye ta, manoman rani ma ba za su gode ba. Kekuna ashirin na haya da yaran gari biyu da suka san inda yashi yake sun isa a fara.

Da safe mai gari ya ce in na nace sai na zagaye hannun ruwan da ke gabana zan kai azahar, gara in bi fito. Ya haɗa ni da yaro ya kai ni mashigi. Masunta sun riga sun dawo, ana ware tarwaɗa da karfasa a kan buhu, mata masu suya na ciniki. Ɗan fito ya kwantar da keken a gicciye a tsakiyar kwale-kwale, ƙafar gaba na leƙen ruwa ta dama, ta baya ta hagu, ya ce in zauna a ƙasa in riƙe shi, kar in motsa. Na ƙirga mutanen da ke shiga bayana, na dubi tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgin da ruwa. Duk ɗan Kano da ya shiga kwale-kwale a kan dam yanzu sai ya tuna da Bagwai, ranar 30 ga Nuwamba 2021, lokacin da jirgi ya kife a madatsar Watari da mutanen da suka taso daga Badau, fiye da ashirin suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Da na ga ana shirin ɗora babur a kanmu sai na ce ni zan jira sahu na gaba. Ɗan fiton ya dube ni, ya dubi babur ɗin, ya ce wa mai shi ya dakata. Muka ƙetare cikin abin da bai kai shan shayi ba, ba mai magana, sai ƙarar filafili da ruwan da ke ɗiga daga tayar gaba.

Daga ɗaya gaɓar ƙasa ta fara canzawa. Itatuwa suka ƙara yawa da tsayi, ɗorawa da kaɗanya da mangwaro, kararen masara da dawa a tsaitsaye a gonakin da aka girbe. A fadamu rake ya rufe ido. Tun daga nesa hanci ke gaya maka inda ake dafa mazarƙwaila: hayaƙi, da wani ƙamshi mai kama da ƙonannen zuma. Na tsaya a wata bukka inda inji ke matse rake, ruwan na bin kwararo zuwa manyan kasake, wani mutum ba riga yana juyawa da doguwar muciya, wani na zuba wanda ya yi kauri a ƙananan kwanoni ya daskare. Aka ɓantaro mini mai ɗumi. Masu tseren keke a Turai suna sayen wani zaƙi a leda da tsada don ya ba su ƙarfi a hanya. Na sayi curi biyu na jefa a jaka, su suka kai ni Rogo.

Na shiga garin da yammacin rana ta uku, ƙura har cikin kunne, waya ɗaya ta ƙafar baya ta tsinke tana ƙara duk juyi. Niyyata in koma Karaye a kan sirdi, amma iskar da ta turo ni tana nan tana jirana a goshi, gwiwoyina kuma suka ƙi sa hannu. Da safe na je tasha. Kwandasta ya ɗaga keken ya ce wannan kuɗin mutum guda ne, muka yi ciniki, aka ɗaure shi a saman mota tsakanin buhun masara da damin rake. Aka cusa ni a kujerar baya, mu huɗu da akuya a ƙarƙashin ƙafa. Direba ya saki kiɗa ya taka mota. Can na ji ƙarar taya ta canza, alamar mun hau gada. Na sunkuya in leƙa ta taga in ga wane ruwa ne a ƙasa, kafin in kauce wa kafaɗar na kusa da ni har mun wuce.